SHARHI: Ragowar Ƙullu Da Ruwan Tsami, Jarin Da Ake Kwararawa A Kwata

LAFIYA — Duk wanda ya bi ta tashoshin mota da bakin kasuwannin garin Lafiya da sanyin safiya, zai tarar da mata sun ɗora tanda suna tuyar waina, waɗansu kuma sun jera bokitan koko da farantan ƙosai, direbobi da leburori da 'yan makaranta suna ta cinikin karin kumallo. In ya sāke biyowa ta wurin da hantsi, bayan ciniki ya lafa, zai ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ƙullun da ya rage ya yi tsami an ɗauraye shi an kwarara a kwata, ruwan tsamin da aka tsiyaye daga kan gasara an watsar da shi a lungu, dusar da aka tace kuwa ta kwana a jiƙe har ta fara wari.

A ganin masu wannan sana'a, abin da aka zubar ɗin bai taka kara ya karya ba. Amma ga wanda ya san lissafin kasuwanci, hatsi ne aka saya da kuɗi, aka biya mai inji ya niƙa, aka sayi ruwa aka tace, sa'an nan aka bar shi ya bi rariya. Abin da ya fi wannan ma shi ne, a cikin ƙullun nan mai tsami akwai abin da zai tayar da ƙullun gobe ba tare da an sayi yis ba. Saboda haka ya kamata 'yan kasuwa da hukumomin da ke kula da ƙananan sana'o'i su fara ɗaukar wannan ragowa a matsayin jari, su koyi adana ta da sarrafa ta kamar yadda ake adana kowace irin haja.

Kafin a shiga batun kuɗi, yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa cikin roba idan aka bar ƙullu ya kwana. A jikin hatsi, da cikin iska, da jikin mazubi, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Iri biyu daga cikinsu su ne ke yin aikin. Na farko yis ne na halitta, wanda ke cin zaƙin da ke cikin gari yana fitar da iskar da ke sa ƙullu ya kumbura. Na biyu kuwa waɗansu ƙwayoyi ne masu haifar da tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono, waɗanda masanin nan na Faransa, Luwi Fasto, ya bayyana aikinsu tun cikin 1857. Tsamin da suke haifarwa yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana ba abinci ɗanɗano, yana kuma rage wani sinadari na jikin hatsi wanda ke hana jiki cin moriyar ƙarfen da ke ƙara jini. Ke nan ƙullun jiya cike yake da ma'aikatan da suka riga suka saba da aikin.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Bafillatana ba ta sayen wani abu a kanti kafin madararta ta zama kindirmo, ɗan abin da ya saura na jiya a ƙwarya shi ke kama na yau. Haka nan kafin yis na leda ya shigo kasuwa, masu waina da sinasir da funkaso suna barin ƙullu ya kwana ne ya tashi da kansa, ko su taimaka masa da ɗan nono, ko da ragowar na jiya, in tsami ya yi yawa su kashe shi da ruwan kanwa. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ɗan ludayin ƙullun da aka ware aka ajiye, wanda za a iya kira iri, shi ne ruwan cikin wannan sana'a.

Sauran al'ummomi ma haka suke yi, wasunsu kuma ba su yi sakaci da abin ba. A Habasha, matan da ke yin gurasar nan tasu da ake kira injera suna tsiyaye ruwan da ya taso a kan ƙullun, wanda suke kira ersho, su ajiye don tayar da na gaba. A birnin San Faransisko na Amurka akwai gidan burodi mai suna Boudin da aka kafa a 1849, wanda ke tallata burodinsa da cewa tsatson irin da aka fara da shi ne ake amfani da shi har yanzu. A ƙasar Beljiyam kuwa, kamfanin Puratos ya buɗe wani ɗaki a garin Sankt Vith cikin 2013 musamman don adana irin ƙullu daga ƙasashe dabam-dabam, kamar yadda ake adana littattafai. Kamfani ba ya kashe kuɗi a kan abin da ba ya ganin riba a cikinsa.

Dalilin da ya sa ake samun ragowa a wannan hanya a fili yake. Iri abu ne mai rai, tilas a riƙa ciyar da shi da sabon gari da ruwa, in ba haka ba ya yi tsami fiye da kima ya raunana. Idan kullum ana ninka shi ba a ɗiban komai, gwangwani ɗaya zai zama gwangwani 1,024 cikin kwana goma. Don haka dole ne a riƙa rage shi. A lokacin kullen annobar korona cikin 2020, sa'ad da yis ya yi ƙaranci a kantunan Turai da Amurka, ɗimbin mutane suka koma yin burodi da iri a gidajensu, nan take kuma suka ci karo da tambayar yadda za su yi da abin da suke ragewa kullum. Amsar da suka samu ita ce a zuba shi cikin fanke da biskit da makamantansu. Tambayar da ta zo musu sabuwa, mai wainar Lafiya tana fuskantarta kowace rana da hantsi.

Ba laifi ba ne da matan suka rungumi yis na leda. Yana da sauri, ba ya ba da kunya, ƙullun da zai kwana yana tashi cikin 'yan sa'o'i. Sai dai akasarin yis ɗin da ke kasuwannin ƙasar nan daga waje ake shigo da shi, daga ƙasashe irin su Faransa da Sin da Turkiyya, kuma da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024 dala ta haura Naira 1,500. Da aka haɗa da janye tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayu, 2023, sai kuɗin niƙa da na sufuri suka tashi, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Mai waina ba ta taɓa riƙe dala ba, amma dala ta shiga tandarta.

Wannan ba shi ne karo na farko da ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗar dogaro da kayan waje wajen abincin safe ba. Tun cikin 1985 waɗansu masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka wallafa littafi a kan yadda burodi ya jefa Nijeriya cikin tarkon alkamar waje. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987, aka ɗage hanin cikin 1992. A zamanin Cif Olusegun Obasanjo an umarci masu injinan fulawa su riƙa haɗawa da kashi 10 cikin ɗari na garin rogo, gwamnatin Dokta Goodluck Jonathan kuma ta sāke tayar da maganar burodin rogo a 2012. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Duk waɗannan matakai a kan gari suka tsaya. Ba a cika waiwayar ilimin tayar da ƙullu da adana shi ba, alhali kuwa shi ne ɓangaren da ba ya bukatar lasisin shigo da kaya.

Lafiya tana da dalilin da zai sa ta fi sauran garuruwa damuwa da wannan batu. Tun kafin ta zama hedikwatar Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, an san ta da tara amfanin gona: doya, da rogo, da shinkafa, da dawa, da masara, da riɗi, da agushi. Injinan casar shinkafa na garin sun daɗe da yin suna, kuma a Rukubi da ke Ƙaramar Hukumar Doma kamfanin Olam yana da babbar gonar shinkafa da injin casa. Duk inda ake casar shinkafa ana samun karyayyiya, wadda ta fi araha, wadda kuma ba ta da aibu wajen ƙullu tun da niƙa ta za a yi. Ga kuma jama'a da ke ƙaruwa, ma'aikatan gwamnati da ɗaliban manyan makarantu da matafiya tsakanin Abuja da Makurɗi, waɗanda yawancinsu a titi suke karya kumallo. Kayan aiki na nan, masu saye na nan. Abin da ya rage shi ne toshe kafar da riba ke zurarewa.

A ɗauki misali don a ga girman kafar. A ce mai waina tana jiƙa mudu biyar na shinkafa kowace rana, kuma kashi ɗaya cikin goma na ƙullun yana raguwa ya lalace. Rabin mudu ke nan a rana, mudu 15 a wata, mudu 180 a shekara, wato daidai da shinkafar da take aiki da ita cikin kwana 36. Ma'ana, fiye da wata guda a kowace shekara tana tashi da asuba, tana shan hayaƙi, tana yi wa kwata aiki. Wannan ban da kuɗin niƙa da ruwa da yis ɗin da aka zuba a ciki. Misali ne kawai, kowace mai sana'a za ta iya sa nata adadin ta gani, amma ko da asarar rabin haka ce, ta isa ta biya wa yaro kuɗin littattafai. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta. Da irin wannan rabin mudu ake tara wannan adadi.

Ragowar iri uku ce, kowace kuma da hanyar cin moriyarta. Ta farko ita ce ƙullun kansa. Ludayi ɗaya ko biyu na ƙullun jiya, in aka zuba cikin sabon niƙa, yana gaggauta tashinsa, ya rage yawan yis ɗin da ake bukata ko ma ya maye gurbinsa. Abin da ya saura bayan an ware iri kuma ba sai an zubar ba. Ana iya sassauta shi da ruwa, a daidaita tsaminsa da ɗan ruwan kanwa, a yi sinasir da shi don cinikin rana. Ana iya cuɗa shi cikin kwaɓin fulawa na fanke ko na funkaso, inda zai ƙara yawa da ɗanɗano. Mai sana'ar da ke da haja biyu daga jiƙo ɗaya ta fi mai haja ɗaya samun sararin numfashi ranar da ciniki ya ƙi.

Ta biyu ita ce ruwan tsami, wato ruwan da ke tasowa a kan gasara bayan an tace gero ko dawa ko masara an bar shi ya kwanta. Tsofaffi sun san shi a tuwo da kunu, kuma tuwon da aka tuƙa da shi ya fi jimirin kwana. In aka zuba kaɗan daga cikinsa a sabon tata, tsamin da ake nema yana samuwa da wuri, wanda hakan ke rage lokacin da jari ke kwance cikin bokiti. Ta uku ita ce dusa. Wadda aka matse aka shanya nan take abincin awaki ce da tumaki da kaji, kuma masu kiwo suna nemanta, musamman tun da tsadar masara ta ɗaga farashin abincin kaji. Wadda aka bari ta kwana a jiƙe cikin buhu kuwa ta tashi daga haja ta koma shara. Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce tabarma da rana ɗaya ba.

Akwai ma kasuwar da ta fi wannan faɗi. Gasarar da aka matse aka shanya ta bushe sarai tana daɗewa ba ta lalace ba, ba ta da nauyin ɗauka, kuma ma'aikaciyar da ke zaune a Maraba ko Nyanya, wadda ba ta da lokacin jiƙa gero da kai niƙa da tata, za ta saya ta dama cikin minti biyar. Daga Lafiya zuwa waɗannan unguwanni na bakin Abuja, ta Akwanga da Keffi, tafiyar 'yan sa'o'i ce a kan tagwayen hanya. Wanda ke shakkar cewa koko zai iya zama hajar kanti, ya dubi Gana, inda kokon gero mai citta da kanumfari ya zama abincin safe na Ankara da Kumasi, ana kiransa da sunan Hausawa, har ana sayar da garinsa cikin leda a kantuna da kuma ƙasashen waje.

Masu gidajen burodi su ma suna da rabonsu. Ajiye wani yanki na kwaɓin yau don a haɗa da na gobe tsohuwar dabara ce a wannan sana'a a ƙasashe da yawa. Ɗan tsamin da ke cikinsa yana jinkirta fumfuna, yana kuma hana yauƙin nan da ke kama cikin burodi a lokacin zafi, wanda ke sa dillalai su mayar da kaya. Gaskiya ne mai sayen burodi a ƙasar nan ya saba da mai zaƙi da laushi, ba zai karɓi mai tsami irin na Turawa ba. Amma ba a ce a sauya burodin ɗungurungum ba. Ana iya farawa da kaɗan, a gwada a ga inda ɗanɗano zai tsaya. Hanya ce da ta fi aminci nesa ba kusa ba a kan sinadarin nan mai kumbura burodi, wato buromet, wanda Hukumar NAFDAC ta haramta a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili saboda illarsa ga lafiya.

Mai sukar wannan ra'ayi zai ce magana ce mai daɗi a takarda, amma Baturen da ke ajiye irinsa yana da firji da wutar da ba ta ɗaukewa, Lafiya kuwa gari ne mai zafi, musamman daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, inda ƙullu ke wuce gona da iri cikin rabin yini. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ita ce ainihin dalilin da ya sa ake zubarwa. Amma amsarta ba sayen firji ba ce. Amsar tana cikin waɗansu ƙa'idoji da ba su da tsada.

Ƙa'ida ta farko, wadda ta fi kowace muhimmanci, ita ce a ware iri tun a gida, kafin a sa gishiri da sukari da kanwa, kafin kuma a fita da ƙullu bakin titi inda ƙura da ƙuda da hannu za su shiga. Kanwa tana kashe tsami, tsamin kuwa shi ne mai gadin ƙullu, saboda haka wanda aka riga aka sa wa kanwa ba ya ajiyuwa, sai dai a toya shi a ranar. Ta biyu, a sa irin cikin mazubi mai tsabta na ƙasa ko roba ko gilashi, ban da tukunyar dalma wadda tsami ke ci, a rufe ba tare da an toshe ƙam ba, domin iskar da ke fita tana iya fasa kwalba. Ta uku, a ciyar da shi da sabon gari da ruwa mai tsabta kowace rana, a lokacin zafi ma sau biyu.

Game da sanyi kuwa, ɗan ƙasar nan ne ya nuna wa duniya hanya. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki da rani sa'ad da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa, amma da rani ne aka fi bukatarta. Hanyar da ta fi kowace daɗewa ita ce shanya. A shimfiɗa irin siriri a kan faranti mai tsabta, a bar shi a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau, a murtsuke, a zuba cikin kwalba mai murfi. Zai yi watanni. Ranar da ake bukata a jiƙa shi da ruwa da ɗan gari, cikin 'yan kwanaki zai farfaɗo. Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan tanadi.

Sai dai tilas a yi gargaɗi, domin ribar da za ta kai abokin ciniki asibiti hasara ce. Duk ƙullun da ya yi fumfuna, ko launinsa ya koma ja ko baƙi ko kore, ko ya tashi daga ƙamshin tsami ya koma warin ruɓa, wannan kam zubar da shi ne daidai, ba a kwashe sama a yi amfani da ƙasa. Hatsin da ya yi fumfuna tun daga rumbu yana iya ɗauke da gubar nan da ake kira afalatoksin mai lalata hanta, wadda tsami ko tafasa ba sa kawar da ita. Haka kuma shanya a ƙasa ko a gefen titi, a bar shi ya kwana a buɗe, gayyatar ɓera ne, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano tun 1969 wadda kuma ta fi tsananta da rani. A shanya a kan tebur ko rumfa, a rufe da raga, a kwashe kafin magariba.

Wani gargaɗin ya shafi masu sarrafa rogo, waɗanda ke da yawa a ƙauyukan da ke kewaye da Lafiya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma kwaki da alabo duk ta hanyar tsami ake yinsu. Amma ruwan da ke tsiyayowa daga buhun rogon da aka danne ba ɗaya yake da ruwan tsamin gero ba. Yana ɗauke da guba mai iya kashe akuya, ba a sha, ba a dafa abinci da shi. Abin da ake ci a cikinsa shi ne sitacin da ke kwantawa a ƙasa idan aka tara ruwan cikin baho, wanda masu wanki da guga ke saye bayan an wanke shi an shanya. Ko a nan ma, wanda ya san abin da zai ɗiba da abin da zai bari, shi ke da riba.

Wata sukar kuma ita ce, ledar yis ba ta kai ta kawo ba idan aka kwatanta da kuɗin shinkafa da mai da itace, lokacin mace kuwa yana da daraja, ga shi za a ƙara mata aikin reno da shanya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba a ce a yi watsi da yis ba. Amma babban abin da ake ceta ba ledar yis ba ce, hatsin da ke cikin ragowar ne da kuɗin da aka kashe a kansa. Bugu da ƙari, sana'ar da ke da irinta a kwalba ba ta tsayawa ranar da kaya suka yanke ko farashi ya yi tsalle. Duk ɗan kasuwar da ya ga abin da ya faru daga 2023 zuwa 2024 ya san darajar samun mafita ta biyu.

Ga hukumomi kuwa, aikin a bayyane yake. Lafiya tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Aikin Gona, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, da Kwalejin Fasaha ta Isa Mustafa Agwai. Ya kamata ɗalibansu su fita daga ɗakin gwaji su je bakin tanda, su auna ainihin abin da ake asara, su tantance irin da ya fi tashi da jure zafi, su fitar da shi busasshe cikin leda da bayani da Hausa. Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi, wadda aka kafa a 1956, ta daɗe tana aiki a kan akamu da sauran abincin da ake tsamarwa, bai kamata sakamakon ya tsaya a Legas ba. Hukumar SMEDAN da Hukumar NAFDAC kuma su sauƙaƙa wa ƙungiyoyin mata hanyar rajista, domin busasshiyar gasarar da ba ta da lamba ba ta shiga babban kanti.

Su ma masu hannu da shuni akwai inda za su sa kuɗi. Mace ɗaya ba za ta iya gina rumfar shanya mai raga da sayen injin liƙe leda ba, amma mata ashirin masu adashi ɗaya za su iya, kuma ɗan kasuwar da ya kafa wurin tara dusa da gasara a unguwa, yana saye kullum yana biya nan take, zai sami kaya da araha ya kuma sami masu kiwo da kantuna suna jiransa. Jarin da ake bukata bai kai na keken hawa mai ƙafa uku ba.

An daɗe ana neman maganin tsadar abinci a tashar jiragen ruwa da Babban Banki, kuma lalle akwai nasu aikin. Amma ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Rabin mudun da ke bin kwata kowace rana a Lafiya ba ya jiran kasafin kuɗi ko dokar majalisa. Yana jiran ludayi mai tsabta ne, da kwalba mai murfi, da mai sana'ar da za ta ware na gobe kafin ta fara sayar da na yau.